Goro a Kan Bututun Gas

Tun da na dawo daga Najeriya ba a bar ni na sha koko cikin kwanciyar hankali ba. A ƙofar masallaci, a wajen mahauta, har cikin motar hayar da ke kai mu gari, tambayar ɗaya ce: Sadisu, yaya ka ga wajen? Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk lokacin da na ba da labarin sai wani abu ya ɗan sauya. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya in huta. Ina neman afuwa tun yanzu. Ban rubuta komai a hanya ba, gajiya ta yi mini yawa, kuma mai yiwuwa na haɗa abin da ya faru a wata tasha da na wata. Maganganun mutane ma yadda kunnena ya riƙe su ne, ban rantse haka suka fito ba.

Ga wanda bai san dalilin tafiyar ba. Kamfanin da ya ɗauke ni aikin gwaji bayan na gama jami'a yana ɗura gas a tukwane kusa da tashar jiragen ruwa a nan Lome, yana kuma sayar da mitocin auna gas. Wata masana'antar gasa tayal da ke kudancin Najeriya, can wajajen Warri, ta sayi mita a wurinmu. Su gas ɗinsu na ƙarƙashin ƙasa ne, ta bututu yake zuwa musu. Mai sayar musu da shi yana da tasa mitar a can farkon bututun, tamu kuma tana ƙarshensa, sai mitocin biyu suka ƙi jituwa. Tamu kullum tana nuna ƙasa da tasu, wata rana da yawa, wata rana kaɗan. An tura masu dubawa daga Legas fiye da sau ɗaya, suka ce lafiyarta ƙalau. Mai gas ya ce zai rufe bututu in ba a cire ta ba, masana'anta ta ce za ta maido mana da kayanmu.

Patron, wato shugabanmu a ofis, ya kira ni ya ce, "Kai kana jin Hausa, Najeriya gidanku ne." Na ce masa wataƙila, in ban yi kuskure ba, ba a yin Hausa sosai a wancan yankin. Bai saurare ni ba. Ya ce, "Ka je ka gano abin da ke damun mitar nan. In ka dawo hannu rabbana, gwajinka ya ƙare, ba zan sa hannu a takardarka ba." To kun ji abin da na ɗauka a kaina. Ni ne na farko a gidanmu da ya taɓa zama a ofis, kuma kowa a layinmu ya san haka.

Dole in ɗan yi bayani, domin in ban yi ba sauran labarin ba zai shiga ba. Gas ba kamar kananzir ba ne, da kwalba ɗaya take kwalba ɗaya safe da yamma. Ya fi kama da auduga a buhu: in ka danna ta sai ta ƙanƙance, in ka sake ta sai ta cika buhun, alhali audugar ba ta ƙaru ba. Matsi yana ƙanƙanta gas, zafi yana kumbura shi. Saboda haka mai saye da mai sayarwa sukan yarda a ƙidaya shi kamar yana kan wani zafi da wani matsi da aka tsayar. Mitarmu tana da abin da ke yin wannan gyaran da kansa. Tana da majiyi biyu, ɗaya na matsi, ɗaya na zafi. Na zafin ɗan ƙarfe ne kamar yatsa, a ƙarshen wata siririyar waya, ana zura shi cikin kube a jikin bututu don ya ji zafin gas ɗin da ke wucewa. In ya ji zafi ya yi yawa, mitar za ta ce gas ya kumbura, sai ta rage lissafi. Iyakar abin da ake bukata a sani ke nan.

Mma, mahaifiyata, wadda kun san ta da tiren goro, ba ta tambaye ni komai game da mita ba. Ta ce, "Abu ɗaya zan gaya maka. Kada ka gaya wa kowa matsayinka a hanya. In an tambaye ka, ka ce aiki ka zo." Na riƙe wannan maganar, wataƙila fiye da yadda ta nufa.

Na shiga motar fijo a tashar da ke bayan babbar kasuwa, na sa kwat ɗina ɗaya tilo da ɗan bajon jam'iyya a ƙirji, akwatin kayan aiki a kan cinyata. A ciki akwai ma'aunin matsi da ma'aunin zafi na gilashi guda biyu da na naɗe cikin safa. Kusa da ni Hajiya Rabi ce ta zauna, 'yar kasuwar atamfa daga nan Zongo, wadda ta san hanyar nan kamar tsakar gidanta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗan Mma, biki za ka ko jana'iza?"

Ba mu yi nisa ba aka tsayar da mu a garin Aneho, don ana sa ran wani babba zai wuce. An share titi, an shafa farar ƙasa a gindin itatuwa, an ɗauke masu talla daga bakin hanya, 'yan rawar jam'iyya suna ta gwaji cikin rana. Babu wanda ya ce uffan a motar, mun saba. Na ambaci wannan ne don daga baya na tuna da shi.

A Hilakonji, iyakarmu da Benin, Hajiya ta ce, "Cire wannan abin na ƙirjinka, can ba nasu ba ne." Na cire ina waige-waige. Mutanen Benin kowa kamarad ne a wurinsu, har wanda ke zazzage maka kaya a ƙasa. Wani ɗan duwan, wato kwastan, ya warware safata ya ga ma'aunin zafi, sai fuskarsa ta saki. Ya ce, "Kamarad likita!" Ya ce zazzaɓi na damunsa, in auna shi. Na fara yi masa bayani cewa wannan na bututu ne, Hajiya ta taka mini ƙafa. Ya sa shi a hammata, ya matse da ƙarfin soja, muka ji ƙas. Ya miƙo mini gutsattsarin yana cewa kayan 'yan jari hujja ba su da ƙwari. Ɗayan na ɓoye shi a cikin rigata, daga nan har Warri ban ƙara zama daidai ba.

A iyakar Najeriya Turancin da na koya a lakwal, wato makarantar boko, ya gudu ya bar ni. Jami'in ya dubi takarduna ya ce bai taɓa jin Bahaushen Togo ba. Aka kira wani ɗan'uwansa mutumin Katsina, ya sa na yi magana, ya saurara, ya fashe da dariya ya ce, "Ƙyale shi, Hausar Zongo ce, ba mai iya ƙirƙirar wannan." Ban san ko yabo ba ne, amma an buga mini hatimi.

Legas ba zan iya kwatanta ta ba, don yawancinta bayan wata motar na gani. Mun sauka a Agege wurin surukan Hajiya, aka ba ni tabarma a shagon goro. Burodinsu zaƙi gare shi kamar alewa, kuma laushi, ba irin namu dogo mai ɓawo ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne bakin mutanen. Direba yana zagin gwamnati da suna, fasinja suna taya shi, mai sayar da jarida yana ɗaga shafin da aka zana shugabansu da ƙaton ciki. Duk lokacin da aka yi haka sai in ga na juya ina duba wa ke bayana. Hajiya ta ce, "Daina, wuyanka zai karye. Nan ba a kama mutum don magana, don kuɗi ake kama shi." A nan muka rabu, ta nufi kasuwarta.

Hanyar Warri ruwa ne ya karɓe mu. Bayan Ore motar ta kafe a taɓo, aka ce maza su sauka. Ni na samu bayan taya, da ta kuɓuce sai ta yi mini wanka tun daga wuya har takalmi. Na naɗe kwat ɗin na cusa a jaka, na sa wata tsohuwar riga da na taho da ita don barci. A wata bukka aka ba mu teba da miyar kwakwar manja mai barkono, na ci don dole, cikina ya yi ta ƙara har muka isa.

Ranar Asabar da la'asar na isa ƙofar masana'antar, daga nesa ana hango wata wuta tana ci a saman dogon ƙarfe da rana tsaka, gas ne suke ƙonawa a banza. Ofis a rufe, masaukin baƙi a rufe, sai Litinin. Ina tsaye ban san inda zan nufa ba, sai na ji ana cewa, "Dogo, miƙo butar nan." Wallahi ban taɓa jin daɗin Hausa kamar ranar ba. Na yi sallama. Wani dattijo mai farin gemu ya amsa, shi ne Baba Haruna, shugaban masu gadi, mutumin ƙasar Sakkwato, ɗayan kuma Isa Dogo, abokin aikinsa. Baba ya tambaye ni daga ina, na ce daga Zongo, wajen Togo. Me ya kawo ni? Na ce aiki na zo. Ya dubi rigata da taɓon ƙafata ya ce, "Allah ya sa a dace, ɗana. Ba su cika ɗauka ba yanzu, amma Litinin zan kai ka wurin mai ɗaukar lebura." Na buɗe baki in gyara, sai na tuna maganar Mma, na ce gobe ma rana ce. Ya ba ni ruwan wanka, ya ba ni gefen ɗakinsu, Dogo ya tuƙa tuwon masara da miyar kuka. Shi ne abinci na farko da ya zauna mini tun da na bar gida.

Washegari da hantsi rana ta fito da ƙarfi. Da Baba ya ji uwata goro take sayarwa, ya ce, "Ashe ɗan gida ne. Zo ka ga abin da Allah ya yi mana." Muka zagaya bayan masana'anta, inda bututun gas ya shigo cikin wani shingen waya. Na gane mitarmu tun daga nesa. Kafin ita akwai na'urar rage matsi, kuma gas in an rage masa matsi sanyi yake yi, don haka bututun yana ta naso kamar randa. A kansa an jera huhunan goro da kwanduna, an lulluɓe da jiƙaƙƙun buhuna.

Baba ya ce, "Albashin gadi ba ya kai mutum ko'ina. Muna sayar wa direbobi da lebura. Zafin garin nan kashe goro yake yi, amma taɓa nan ka ji." Na taɓa. Ya ɓare ɗaya ya ba ni, ya yi ƙaras a bakina kamar yanzu aka ciro shi.

Sai idona ya bi siririyar wayar. Ba ta shiga kuben ba. Ta hau sama, kuma ga ɗan ƙarfen can a ɗaure da zare a jikin shinge, rana na dukansa. Na kai hannu, ya yi zafi kamar cokalin shayi.

Na ce, "Baba, wannan fa?"

Ya ce, "Wayarsa ce ke kama buhu, muna tsoron kada mu tsinke kayan mutane. Shi ne muke zare shi a hankali mu rataye. In baƙi za su zo mu mayar da shi, mu kwashe goro, mu share wuri. Ba mu taɓa bari ya yi ko ƙwarzane ba."

Nan take na gane. Gas mai sanyi yana wucewa, mita tana jin zafin rana, tana ta rage lissafi. Ranar hadari bambancin ya ragu, ranar rana ya ƙaru. Masu dubawa kuma duk lokacin da suka zo sai su tarar da wuri a share, komai a mazauninsa, kamar titin Aneho. Abin da aka aiko ni nema ke nan, na same shi ba tare da na buɗe akwati ba, kuma ban ji daɗin komai ba. Da yamma Dogo ya sake tuƙa tuwo, ya ƙara mini miya yana cewa mai neman aiki sai da ƙarfi.

Litinin bayan sallar asuba Baba ya ce, "Ɗana, zo ka kama mana. An ce Baturen Lome zai zo duba mita yau." Na ɗauki huhu, na kai ɗaki, na dawo na ɗauki wani. Da na ga Baba ya kwance zaren zai mayar da ɗan ƙarfen, sai na ce, "Baba, ina jin, wato, kamar ni ne."

"Kai ne wa?"

"Baturen."

Dogo ya ajiye kwando ya riƙe ciki. "Baba, mun sa Bature dako!" Baba bai yi dariya ba. Na yi masa bayanin auduga da buhu yadda na yi muku. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Wato mu ne ɓarayin gas ɗin da ake ta nema."

Na ce, "Ba ku ɗauki komai ba. Ba wanda ya gaya muku amfanin abin."

"In ka yi shiru fa? Mu daina taɓa shi daga yau."

Na gaya masa gaskiya, cewa sun riga sun yanke za su cire mitar, kuma in ban kawo dalili ba, ba wanda zai yarda ta warke da kanta, ni kuma aikina ya tafi. Ya daɗe yana juya zaren a yatsansa. Ya ce, "Ka ci tuwona ba ka gaya mini ko kai wane ne ba. Wannan tsakaninka da Allah. Abin da ka gani kuwa, ka faɗa. Amma ka faɗa ina tsaye a wurin, kada ka shiga ofis ka faɗa a bayana."

Injiniyan masana'antar, Oga Efe, gajere ne mai babbar murya. Ya dubi kwat ɗina da taɓo ya bushe a kai ya ce ina Baturen. Na ce ni aka turo. Na roƙe shi mu je wurin mitar, da shi da wakilin mai gas. Na zura ma'aunina da ya tsira a kuben, muka ga sanyin gas ɗin, na mayar da ɗan ƙarfen, allurar da ke nuna zafi a mita ta sauko ta tsaya daidai da shi. Sannan na zare shi na rataye a shinge. Muna tsaye allurar ta fara hawa. Na ce mai yiwuwa, bisa abin da ake gani, ana iya cewa wannan yana daga cikin dalilai.

Oga Efe ya daka mini tsawa. "Malam, wataƙila ne ko tabbas? Mu nan ba mu da lokacin ladabi!" A gida ban taɓa gaya wa babba tabbas a kan komai ba. Na ce, "Tabbas."

"To wa ke zare shi?"

Kafin in haɗa kalmomi Baba ya matso, ya cire hular gadinsa, ya yi bayani da buroka, har da goron. Oga Efe ya yi dariya har ya dafa bututu, sannan ya tuna da wakilin mai gas a gefensa, ya koma faɗa. Na ce, kuma na rubuta a rahotona, cewa takardar da ta zo da mitar da Faransanci take, ba wanda ya fassara ta, shingen ba shi da kwaɗo, kuma ba a taɓa gaya wa masu gadi komai ba. Oga Efe ya ce ya ji, amma masu gadi ba a ƙarƙashinsa suke ba, kuma mai gas zai so a nuna masa mai laifi. Na ɗaure ɗan ƙarfen a kubensa da waya, na buga hatimin darma. Aka sa kwaɗo a shingen tun ina wurin.

An buɗe mini masaukin baƙi, mai fanka da gado mai laushi, ban yi barcin kirki ba. Da safe motar kamfani za ta Legas aka ce in bi ta. Baba yana bakin ƙofa, ba a ce masa komai ba tukuna. Ya miƙo mini ƙunshin ganye ya ce, "Kai wa tsohuwarka. Na ƙarshen masu sanyi ne." Na fara wata doguwar magana, direba ya danna oda, Baba ya ɗaga ƙarfen ƙofa muka wuce.

Dawowa ba ta da labari, iyakoki biyun nan ne dai da ciwon baya. Na mayar da bajona a Hilakonji. Patron ya karanta rahoton, ya ce ashe ya yi daidai da ya turo mai jin Hausa, ya sa hannu a takardata. Waɗanda suka zo yi mini barka, na gode.

Mma ta kwance ganyen, ta ɓare ɗaya ta gatsa. Ta ce, "Wanda ya ajiye wannan ya san goro. Ina ya samu sanyi haka a ƙasar zafi?" Na gaya mata duka. Ta nannaɗe sauran, ba ta sa su a tire ba, ta kai ɗaki.

Na aika wa Oga Efe tambaya ta ofis, amsar da ta zo a kan mita ce kawai, wai tana aiki daidai. Don haka ina roƙon waɗanda suka ga wani ɓangare na tafiyar nan, Hajiya Rabi da mutanen Agege, in na saɓa a wani wuri su gyara mini, ba zan ji haushi ba. Direbobinmu na goro da ke bin hanyar Warri kuma, in ɗayanku ya bi ta ƙofar wata masana'antar tayal, don Allah ya rage gudu ya duba ko wani dattijo mai farin gemu ne ke ɗaga ƙarfen. Ko shi ne ko ba shi ba ne, a zo a gaya mini. Gidanmu ba ya ɓata, tiren Mma yana ƙofa.